Ina aji biyu, wata ƴar aji huɗu tace in dinga binta lab: in yarda ko wahalar banza ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, ya aiki ya sanyin garin namu. Ni ɗaliba ce anan Jos, ina aji biyu a jami'a, maikurobayoloji nake karanta, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma tun yanzu ina sha'awar harkar bincike dan burina in wuce har mastas insha Allah. Toh akwai wata siniyarmu ƴar aji huɗu, unguwarmu ɗaya da ita, tana furojet ɗinta akan ruwan rijiyoyi, shine tace in ina so in dinga rakata ɗebo samfur da shiga lab, ita kuma zata dinga nuna min yadda ake abubuwa. Ƙawayena sunce amfani kawai zata yi dani a banza, wai ɗaliba me ta sani da zata koya wa ɗaliba, in bari sai na kai aji huɗu an bani sufabaiza. Ni kuma raina na so amma ina tsoron kar karatuna ya samu matsala. Dan Allah Malama ki bani shawara, nagode.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sanyi kam alhamdulillah, mun gode Allah.

Ki bita. Wannan ita ce amsata a taƙaice, sauran duk bayani ne na yadda zaki bita ba tare da an kwasheki a banza ba, dan ƙawayen naki ba duka suka yi kuskure ba, akwai siniyoyin da ɗan aike kawai suke nema. Amma maganar wai ɗaliba bata da abinda zata koya wa ɗaliba, wannan kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya taso a ƙasar Hausa bai kamata ya faɗi haka ba. Ki duba tsangaya mana. Alaramma yana nan zaune, shi ne mai makaranta, amma waye yake zama da ƙolo yana biya masa allo, yana nuna masa yadda ake riƙe alƙalami da yadda ake wanke allon kar ya ɓata rubutun wani? Gardi ne, ko titibirin da ya ɗan girme shi. Ki je garejin kanikawa a Farin Gada ki tsaya minti goma, zaki ga oga yana can yana ciniki da mai mota, babban yaron shago shi yake nuna wa sabon yaro wace sifana ce lamba goma sha biyu. Haka ilimin hannu yake tafiya tun kaka da kakanni, daga wanda ya ɗan riga ka zuwa gare ka, kuma bincike rabinsa ilimin hannu ne, ko da yake mu malamai bamu cika son faɗin haka ba.

Bari in faɗa miki gaskiyar yadda sufabaiza yake, tunda nima ina cikinsu. A shekara ɗaya za'a iya haɗa min ɗaliban furojet sama da goma, ga ƴan mastas, ga lakca, ga makin jarabawa, ga mitin ɗin da baya ƙarewa, in ɗaliba ta shigo ofis ɗina minti sha biyar zan bata, zan duba tofik ɗinta in ce wannan yayi faɗi ki rage shi, zan ja jan biro akan babi na ɗaya, zan ce je ki yi kaza da kaza. Abinda bazan yi ba shi ne in tsaya a kanta a lab in ga yadda take riƙe fifet, ɗan bututun da ake ɗiban ruwa da shi a auna. Ba rashin so bane, lokacin ne babu. Kuma akwai wani abu da yafi rashin lokaci ma, wanda ya shekara ashirin yana abu ya riga ya manta inda abun yake da wuya. Ni yanzu in kika tambayeni yadda ake rinin Gram, wanda ake yi wa ƙwayoyin bakteriya dan a bambance su, zan lissafo miki matakan nan huɗu kamar karatun fatiha, shuɗin rini, aidin, alkohol, sannan jan rini, shikenan. Amma siniyarki da ta ɓata gilashin silaid goma a watan jiya ita ce zata ce miki ke kar ki bar alkohol ɗinnan ya daɗe, daƙiƙu kaɗan ne, in ya wuce duk ƙwayoyin ja zasu fito miki ki rubuta ƙarya baki sani ba. Ita ciwon bai warke mata ba tukuna, shi yasa take tunawa.

Ni a kaina aka yi wannan. Lokacin da nake digirin farko, bazan faɗi makarantar ba, ban taɓa zuba aga, wato abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa, a faranti da hannuna ba sai da na shiga aji huɗu, duk firaktikal ɗin da muka yi a baya mutum talatin ne akan benci ɗaya, ɗaya na yi sauran na leƙe ta kafaɗa muna kwafar rahoto. Ranar da na fara nawa aikin na zuba aga da zafinsa na rufe, tururi ya taru a murfi, ban san ana kifa farantin a inkubeta ba, wato akwatin ɗumin da ƙwayoyin suke girma a ciki, washegari nazo na tarar ruwa ya ɗiga ƙwayoyin duk sun haɗe sun zama shimfiɗa ɗaya babu abinda zaka ƙirga. Na sake, aka ɗauke wuta. Na sake, ashe alamar da na rubuta akan murfi nayi ba a gindin faranti ba, murafen suka cakuɗe na rasa wanne ne wanne. Sati uku da kuɗin midiya, wato abincin ƙwayoyin, suka tafi akan abinda wata ƴar mastas ta gyara min a yini ɗaya da ta ga ina hawaye a bakin taga. Da na samu irin tayin da aka miki ina aji biyu, wallahi da gudu zan karɓa.

Kuma kar ki ɗauka wani abu ne na ƙauyanci da muke yi saboda rashin kayan aiki. Jami'ar MIT ta Amurka tun 1969 ta buɗe shiri na musamman na shigar da ɗaliban digirin farko cikin binciken malamai, wata malamar kimiyya Margaret MacVicar ce ta kafa shi, kuma a irin waɗannan lab ɗin wanda yake tsayawa akan sabon ɗalibi kullum ba farfesan bane, ɗalibin da ya riga shi shiga ne. A 1973 kuma jami'ar Missouri da ke Kansas City ta fara tsarin da ɗalibin da ya ci wani kos mai wuya yake dawowa ya zauna da ƴan bayansa suna bita tare, tsarin ya bazu har Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Bambancin kawai su sun yi masa ofis da fom da wanda yake sa ido, mu a yawancin sassanmu babu wannan, zumunci ne da sanayya. Toh tunda babu ofis ɗin da zai kare ki, ke zaki tsara abinki da kanki, kuma anan ne nake so ki buɗe kunne.

Kafin ki taka lab ɗinnan ko sau ɗaya, ki ce mata ta kai ki wajen sufabaizanta. Ba wani dogon abu bane, ku shiga ku gaisa, tace Malam ga ƙanwata ƴar aji biyu tana so ta dinga taimaka min tana koyo, shikenan. In ta fara kame-kame tace ai ba sai ya sani ba, toh daga nan ki gane akwai lauje cikin naɗi. Amfanin wannan gaisuwar yana da yawa, ranar da wani abu ya fashe ko ya ɓata a lab ba za'a ce wace ce wannan waye ya kawota ba, sannan malamin ya san fuskarki tun yanzu, kuma shi ne mutumin da wata rana zaki nema ya rubuta miki takardar shaida in zaki nemi mastas ko sikolashif, malami kuwa baya iya rubuta abin kirki akan ɗalibar da bai sani ba sai a takardar jarabawa. Bayan malam sai teknolojis ɗin lab. Wannan mutumin ki girmama shi kamar babanki, ki gaishe shi kullum, ki tambaye shi kafin ki taɓa komai, dan makulli a hannunsa yake, shi ya san wace inkubeta ce take riƙe zafi wace ce take yaudara, shi ya san ranar da za'a tada janareta. Ɗalibai da yawa suna raina su saboda ba'a kiransu Dakta, kuma su suke shan wahala a ƙarshe.

Sai ku zauna ke da ita ku yi magana ta fili akan lokaci. Kar ki ce mata duk sanda kike buƙatata ki kirani, wannan kalmar ita take kashe mutane. Ki ɗauko jadawalin lakcocinki ki nuna mata, ki ce ranar kaza da ranar kaza da rana ina da sarari, sati biyu kafin jarabawa kuma bana nan gaba ɗaya. Ki sani aikin ƙwayoyin cuta baya jiran mutum, abinda aka shuka yau a inkubeta a zafin digiri 37 gobe war haka ake dubawa, in an bari ya wuce ya lalace, dan haka in kin karɓi aikin ranar Talata kin karɓi na Laraba kenan, ki lissafa da wannan. Tsoron da kike ji akan karatunki yana kan hanya. CGPA ɗin da aka zubar a aji biyu da wuya ake kwaso shi, kuma babu jami'ar da zata ɗauke ki mastas dan kin iya zuba aga alhali sakamakonki ya faɗi. In kina da kariyoba ko kina jin wani kos yana neman kayar dake, ki rage zuwa lab ɗin, ba kunya bace.

Ki sayi littafi mai kauri, ba fallen takarda ba, ba waya ba. Duk ranar da kuka yi aiki ki rubuta kwanan wata, abinda aka yi, nawa aka auna, me ya fito, har da abinda ya lalace da dalilin da kuke zato. Otokilef, tukunyar tururin da ake kashe ƙwayoyin jikin kayan aiki da ita, digiri 121 minti 15, ki rubuta, ki kuma rubuta cewa lissafin minti sha biyar ɗin yana farawa ne bayan zafin ya kai, ba daga sanda aka kunna ba. In ana ƙirga ƙwayoyi a faranti, wanda yake da tsakanin 30 zuwa 300 ake ɗauka, ki rubuta, sannan ki tambaya me yasa. Wannan littafin nan da shekara biyu yafi miki duk handawut ɗin da kika saya.

Tunda aikin nata na ruwan rijiya ne, fita unguwa ma makaranta ce mai zaman kanta. Kwalbar ɗiban samfur sai wadda aka kashe ƙwayoyin cikinta, ba gorar ruwan da aka ɗauraye ba, a rubuta mata lamba da lokaci tun a bakin rijiyar, a saka a cikin kula mai ƙanƙara, a kai lab cikin awa shida in da hali, dan in ruwan ya yini a jaka cikin Keke daga Rikkos zuwa Bauchi Road zuwa Naraguta abinda zaku auna ba shi ne abinda yake cikin rijiyar ba. Ku dinga duba nisan rijiya da masai, ko tana da murfi, ko gugan kowa da kowa ne ake jefawa, dan waɗannan ne zasu bayyana sakamakon daga baya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar a samu E. coli, ƙwayar da take nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, da wannan zaku gwada abinda kuka samu. Sannan ba'a faɗa wa gidan mutane haka kawai da farar riga da kwalabe. A fara da mai unguwa, a nuna takardar sashe, a yi wa matan gida bayani da Hausar da zasu gane, wanda yace a'a a bar masa rijiyarsa. Mutanenmu suna da dalilin yin zargi, har yau ba'a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer yayi akan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, kuma duk binciken da ya shafi jikin mutum ko bayanan lafiyarsa sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara. Kuma ke ƴar Jos ce ba sai na miki dogon bayani ba, akwai unguwar da in zaku shiga gara ku tafi da ɗan ajinku da yake zaune a can, ku je da safe ku dawo da wuri, a gida kuma a san inda kuke. Wannan ma yana cikin amfanin aiki da ɗalibai ƴan uwanki, kowa da unguwar da yake da fuska a cikinta.

Yanzu bari in zo inda ƙawayenki suke da gaskiya, dan ilimin siniya yana da iyaka kuma ita kanta bata san inda iyakar take ba. Abinda ta gada daga wanda ya gabace ta, daidai da kuskure, haka zata miƙa miki da zuciya ɗaya. Na sha ganin kuskure ɗaya yana yawo a sashe shekara da shekaru kamar gadon gida, kowa ya kwafa daga furojet ɗin bara. Misalin da yafi damuna shi ne lissafin yawan samfur. Akwai wata dabara ta Taro Yamane ta 1967 da ɗalibai suke ƙauna saboda sauƙinta, in mutanen wuri 2000 ne ta baka 333, kowa sai ya ɗauko ta ya manna ko ta dace da aikinsa ko bata dace ba, ka tambayi ɗalibi a difens, wato ranar kare furojet, me yasa ka yi amfani da ita yace haka na gani anyi. Dan haka ki raba tambayoyinki gida biyu a ranki. Yaya ake yi, ina ake samu, wa ake gani, nawa ake sayarwa, wannan na siniya ne kuma ta fi malam sani ma. Amma me yasa aka zaɓi wannan hanyar, samfur nawa ya isa, wane lissafi ya dace, me sakamakon yake nufi, wannan ki ji nata ki ajiye, sannan ki duba littafi ko ki tambayi malam. In maganarta ta saɓa da ta sufabaiza, ta sufabaiza ake bi, ko da kina ganin ita ce da gaskiya, sai dai a koma masa da hujja cikin ladabi.

Akwai kuma inda zaki tsaya cak ki ce a'a. Lokacin da difens ya matso kuma sakamako bai fito yadda ake so ba, anan ake gane halin mutum. In kika ga rijiya goma kuka je amma a tebur an rubuta ashirin, ko faranti ya lalace an ƙirƙiro masa lamba, ko an miƙo miki takardun tambayoyi hamsin ance ki cike da biro kala-kala kamar mutane daban-daban ne suka cike, ki tattara littafinki ki bar aikin, ba sai kin yi faɗa ba, ki ce karatu ya miki yawa. Ba wai tsoron kamu kawai ba, duk da eksitanal, malamin da yake zuwa daga wata jami'a ya duba furojet, in mai ido ne yana ganewa, lambobin ƙarya sun cika yin kyau fiye da kima. Abin tsoron shi ne hannunki ya saba tun kina aji biyu. Kuma ki tuna ruwan da mutane suke ba ƴaƴansu ake magana, in an rubuta rijiya lafiyarta ƙalau alhali ba'a auna ba, wannan ba wasan makaranta bane kuma. Haka in tace ki rubuta mata babi na biyu, a'a, ki taya ta nemo takardu ku karanta tare, amma rubutun nata ne, ita za'a ba maki. Ke ma in naki ya zo kar ki nemi wani ya rubuta miki, masu shagunan da suke sayar da furojet a bakin get suna nan, aiki ɗaya suke sayar wa mutum biyar su canza sunan gari.

Wankin kwalabe da tiyub kuwa zaki yi shi, kar ki ji haushi, kowa da haka ya fara har ni. Yadda zaki gane ko koyo kike ko bauta, ki duba bayan wata ɗaya, akwai abinda kike iya yi da hannunki yanzu wanda da baki iya ba? Tana barinki ki gwada ko kullum riƙe min nan miƙo min can ne? In kin yi tambaya tana amsawa ko tana cewa bari dai mu gama? In wata ya wuce daga wanki sai sayo mata awara da kai mata fotokofi, toh ki mata magana sau ɗaya, in bata canza ba ki janye cikin mutunci, unguwarku ɗaya, gobe zaku haɗu a biki. Kuɗi kuma, kuɗin midiya da sinadaran gwaji da firintin nata ne, furojet ɗinta ne, ke in kin biya kuɗin motarki ya isa. Ita ma bai kamata ta karɓi ko sisi a hannunki da sunan koyarwa ba, aikin da kike mata shi ne ladanta, kuma in ta yi wayo zata gane riba take ci, dan wanda ya yi wa wani bayanin aikinsa sau goma ranar difens bakinsa baya rawa.

Maganar suna, gara ki sani tun yanzu kar ranki ya ɓaci daga baya. Furojet na mutum ɗaya ne, sunanki bazai hau bango ba, iyakaci a gode miki a shafin godiya. Amma in malamin ya ga aikin yayi kyau yace za'a buga shi a mujallar ilimi, kuma kin yi aiki na gaske a ciki, kin ɗebo samfur kin yi gwaji kin taya lissafi ko rubutu, kina da damar tambaya cikin ladabi ko za'a saka sunanki, kuma littafin nan naki shi ne shaidarki. Sai dai ku yi hattara da mujallun da suke turo saƙo ta imel suna cewa kawo kuɗi a buga maka cikin kwana uku, babu mai duba aikin, kuma wanda ya san harka in ya ga sunan irin wannan mujallar a takardunki rage miki daraja zai yi.

Wani abu da zan so ku ƙara wanda ba na lab ba, ku dinga karanta takardar bincike ɗaya tare duk sati, ko a laburare ko a ƙarƙashin bishiya, in kun samu mutum uku ko huɗu ma yafi. Ta farko zata miki wuya kamar ba Turancin da kika sani bane, haka kowa yake ji. Kar ki fara daga sama har ƙasa, ki karanta taƙaitawar, ki tsallaka zuwa tebura ki ga me suka samu, sannan ki dawo ki ga yaya suka yi. Google Scholar kyauta ne, AJOL yana tara mujallun Afirka kuma akwai aikin ƴan Najeriya da yawa a ciki akan ruwa, ki tambayi ma'aikatan laburare ko makarantarku tana da shiga Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 dan ƙasashe irin namu su samu mujallun lafiya. Ki sauke Zotero a kwamfuta ki koyi tara rifarens tun yanzu, in kin iya ke zaki koya wa siniyar ma, dan na ga ƴan aji huɗu da yawa suna kwana suna buga rifarens da hannu. ChatGPT da ire-irensa kuma ki yi amfani dasu wajen fahimtar abinda ya shige miki duhu, amma kar ki karɓi rifarens daga wajensu baki je kin gani da idonki ba, suna ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla tsaf kamar gaske alhali babu takardar a duniya.

Kuma kin yi sa'ar gari. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom da take nan tun 1924, ga asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Laminga wajen dajin Amurum ga masu sha'awar wannan ɓangaren, ga tashar binciken dankalin turawa a Kuru, hatta hukumar ITF da take kula da SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, hedikwatarta anan Jos take. SIWES ɗinki yana tafe, kuma wanda zai faɗa miki gaskiyar wane wuri ake barin ɗalibi ya taɓa kayan aiki, wane wuri kuma zaman benci ne da sa hannu a logbuk, siniyar da ta dawo daga can ce, ba allon sanarwa ba. Ki tambaye ta tun yanzu ina tayi nata, wa ta gani, yaushe ake kai takarda, dan wuraren kirki da wuri suke cika.

Siniyarki mace ce, alhamdulillah, abin yazo da sauƙi. Amma saboda sauran ƙannena da zasu karanta, in siniyan namiji ne babu laifi a koya a wajensa, sai dai a lab ko laburare, da rana, da mutane, kuma malam ya sani. Ranar da koyarwa ta koma zo hostal ko kiran dare, an bar maganar bincike.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda nafi so ki riƙe. Siniyarki saura mata ƴan watanni ta tafi bautar ƙasa, in ba yajin aiki ya riƙe ta ba kamar na 2022 da ya cinye wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin ta tafi ki karɓi kwafin babi na uku da na biyar nata, da jerin rijiyoyin da lambobinsu da inda suke, da izinin malam. Yanzu rani ne, duk samfurinta na rani ne, kuma ruwan rijiya a watan Janairu ba ɗaya yake da na watan Agusta ba lokacin da ruwan sama yake wanko komai yana shiga ƙasa kuma rijiyoyin sun ciko har kusa da baki. Ita bata da lokacin jiran damina, ke kina da shekara biyu. In kika koma waɗannan rijiyoyin da damina, da hanyar gwaji iri ɗaya, kika kwatanta da nata, kin samu tofik ɗin da ba kwafe bane, masu gidajen sun sanki, teknolojis ya sanki, malamin ma zai fi son ya ci gaba da abinda aka fara a hannunsa. Ki faɗa masa wannan tunanin tun ranar da kuka je gaisuwar, a taƙaice, ki ga me zai ce, dan wasu sassan su suke raba sufabaiza da kansu amma in malami ya nuna yana son ɗaliba akan duba.

Ranar farko ki tafi da farar rigar lab da takalmi rufaffe, ki tura bakin hijabinki cikin rigar saboda wutar bansin bana, ɗan murhun gas ɗin lab, sannan ki ci abinci kafin ki shiga dan ba'a ci ba'a sha a ciki. Allah ya bada sa'a, ki gaida siniyar taki.